Ƙafar Tanko da Tawa

Tun ranar da na ji Tanko zai ajiye aiki na rasa sukuni. Matata ce ta kawo labarin daga taron zumuntar mata, ta faɗe shi tana cire takalmi a bakin ƙofa kamar ba wani abu ba ne, wai Rabaran na Birmingham gwiwa ta matsa masa, bayan Ista zai huta. Na ce Allah ya ba shi lafiya, na ci gaba da kallon talabijin ba tare da na san abin da ake nunawa ba. Ba gwiwar Tanko ce ta dame ni ba, duk wanda ya kai shekarunmu akwai inda ke yi masa ciwo. Abin da ya tsaya mini a rai wani ɗan daro ne, fari mai shuɗin baki, wanda fentinsa ya ɓaɓɓalle, gindinsa ya sha faci. Da shi Tanko yake wanke ƙafafun mutane a coci kowace Alhamis ta kafin Ista, kuma na san daron tun kafin ya zama nasa. Idan Tanko ya sauka, dole daron ya koma hannun wani, ni kuwa tun ina saurayi nake ganin hannuna ya dace da shi. Ba zan ɓoye ba, kishin Tanko nake yi, kishi irin wanda ya tsufa tare da mutum har ya zama kamar ɗan gida.

Mu Hausawa ne Kirista, daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, irin mutanen da idan muka faɗi sunanmu a nan Manchester sai a sake kallonmu a ce, "Au, ashe akwai ku?" Akwai mu, kuma tun kakanni. Majami'armu ta dā ginin ƙasa ce, rufin ciyawa, kujerun ma ƙasa ce aka tayar aka yaɓe, duk wanda ya zauna da farar riga ya san da me zai tashi. Ƙararrawarmu wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshen dogon yaro, idan aka buga shi har masu ban ruwa a fadama suna ji. Ran Asabar da yamma mu samari ne masu shara, mu kore awaki, mu kaɗe kashin jemage, mu yayyafa ruwa ƙura ta kwanta. Har yanzu idan aka yi yayyafi a kan busasshiyar ƙasa a bayan gidana na Moss Side, wannan ƙamshin nake ji. Ran Lahadi kuwa mata su zo da tulunsu na kiɗa da kacau-kacau, uwata a gaba tana ba da waƙa ana amsawa, muryoyin suna fita ta tagogin da ba su da murfi. Yanzu a cocin da muke zuwa a Ardwick akwai lasifika a kowace kusurwa da yaro mai kula da na'ura, amma idan na rufe ido ban cika jin mutane ba, injin nake ji.

Mai kula da mu wani dattijo ne da kowa ke kira Baba Mai Bishara. Ba a taɓa ɗora masa hannu an naɗa shi fasto ba, ba shi da farin abin wuya irin na fastoci, gonarsa yake nomawa kamar kowa. Rigunansa biyu ne, ta sujada da ta sauran kwanaki, sai wani keke da ba shi da birki, da ƙafa yake tsayar da shi. A makarantar mishan ya ɗan yi karatu, kuma abin da ya fi kama ransa a can shi ne labarin Kiristocin farko, mutanen da suka rayu kafin a fara gina manyan majami'u. Bayan sujadar yamma sai ya tara mu a gindin dogon yaron nan ya yi ta ba mu labarinsu kamar 'yan unguwarsu ne da ya baro jiya. Yakan ce su ba su ce dukiya laifi ba ce, sun ce ajiya ce, kuma hatsin da ƙwari ke ci a rumbunka ba naka ba ne, na gwauruwar da ke bayan katangarka ne. Yakan ce rigar da ta shekara a akwati ba a sa ta ba, mai ita yana can yana jin sanyi. Mahaifina shi ne mai garmar shanu a ƙauyen, rumbunansa sun fi na kowa, saboda haka duk lokacin da wa'azi ya biyo ta nan sai tari ya kama shi. Amma da damina ta yi nisa, abinci ya ƙare a gidaje, da kansa yake hawa tsani ya buɗe rumbu, yana ɗiba yana mita. Baba ya hana mu cika mudu da dabara a kasuwa, ya hana mu zaman gidan burukutu, ya hana mu shiga gidan mutum idan maigidan ba ya nan. In an yi biki shi ne na ƙarshe a cin abinci, sau da yawa ƙanzo yake samu.

Maganarsa a kan aikin firist ita ce ta fi ba mu dariya a lokacin. Ya ce a zamanin farko idan mutum ya nuna yana son a naɗa shi, sai dattawa su fara zarginsa. Waɗanda suka cancanta gudu suke yi su ɓuya, domin sun san nauyin ran mutane ya fi na kowane kaya, sai an bi su an kamo su. Mukan yi ta ƙyalƙyala dariya muna kwatanta yadda ake bin babban mutum da gudu a ba shi girma. Ni dai ina dariya amma a raina ina cewa wannan wauta ce, domin ni so nake yi, kuma kowa ya sani. Ni ne na fi kowa karatu a cikin samari, ni ake ba karatun Littafi ran Lahadi, muryata tana kai har waje. Tanko kuwa, abokina tun muna kiwon awaki, idan aka ba shi aya ɗaya sai ya yi gumi kafin ya kai ƙarshenta. Yana da in'ina kaɗan, ga shi maraya, a gidan kawunsa yake, kullum yana gona ko yana ɗebo wa wata tsohuwa itace. Ina ƙaunarsa ƙwarai, irin ƙaunar da kake yi wa wanda ka tabbata ba zai taɓa wuce ka ba.

Wata shekara aka aiko wa Baba cewa akwai gurbi ɗaya a makarantar Baibul, ya zaɓi saurayi ɗaya ya turo. Labarin ya zo ana dab da Ista, bazara ta kankama, rijiyar gari ta ƙafe sai an je ta bakin fadama. A al'adarmu, ran Alhamis ta kafin Ista da la'asar Baba yakan ɗaura tawul a ƙugu, ya durƙusa da daron nan ya wanke ƙafar kowa, kamar yadda Ubangiji ya yi wa almajiransa. Abin yana da nauyi a wajenmu, domin a tarbiyyarmu yaro ko takalmin babba ba ya tsallakewa, balle ya miƙa wa dattijo ƙafa. Saboda haka kowa yakan ɗan ɗauraye ƙafarsa a gida kafin ya zo. Ni kuwa a shekarar nan na ce ba ɗauraya zan yi ba. Na samo dutsen goge kaushi na zauna a bayan ɗaki na yi ta dirza har fata ta yi ja, na yanke farce da reza, na shafa man kaɗanya, na ari takalmin mahaifina na kasuwa don kada ƙura ta taɓa ni a hanya. Na shiga majami'a ina tafiya kamar mai taka ƙwai, na zauna a gaba inda Baba zai gan ni da kyau.

Da ya iso kaina ya ɗaga ƙafata ya juya ta, ya duba sama ya duba ƙasa, ya ɗago ya kalle ni yana murmushi. Ya ce, "Kai ai ka riga ka gama mini aikina." Ya ɗan yayyafa ruwa, ya shafa tawul sau ɗaya, ya matsa gaba. Ban gama jin sanyin ruwan ba har ya wuce. Ana cikin haka sai ga Tanko ya shigo a makare, daga sharar gonar kawunsa, ko gida bai biya ba. Ƙafafunsa baƙi ƙirin da toka, dugadugansa duk faso, ɗan yatsa ɗaya yana jini. Ya raɓe a baya yana ɓoye su a ƙarƙashin kujera, amma Baba ya ja daro ya bi shi har can. Tanko ya ce, "Baba, k-ka yi haƙuri, ban wanke ba." Baba ya ce, "Shi ya sa na zo. Miƙo." Ya daɗe a kan ƙafafun nan, yana cuɗawa tsakanin yatsu, ya sa aka kawo allura ya cire masa ƙaya, Tanko yana ta hawaye don kunya. Majami'a ta yi tsit, ba ka jin komai sai motsin ruwa. Ruwan ya koma laka, dole aka zubar, ga sauran mutane ba a wanke musu ba. Baba ya waiwaya yana neman wanda zai je rijiya, idonsa ya faɗa kaina. Haka na cire takalmin aro, na ɗora tulu a kan gammo, na taka ƙura da ƙafafuna masu sheƙi har bakin fadama don a canza ruwan da Tanko ya ɓata.

Ran Lahadin Ista Baba ya faɗi sunan wanda zai tafi makaranta. Da aka waiwaya ba Tanko ba alamarsa, sai da yamma aka same shi a cikin rumbun kawunsa ya ɓuya. Ni da na tsaya a bakin ƙofa tun safe da wankakkiyar riga ba wanda ya kama ni. Na bi Baba gida na ce masa ni don girmama shi na wanke ƙafata. Ya ce ya sani, kuma ya gode. Sannan ya ce, "Amma ɗana, mutanen da za su zo wajen firist da datti za su zo. Wanda bai taɓa zama an ga nasa ba, ban san yadda zai riƙe na wani ba." Na ce na ji, amma ban yarda ba, kuma gaskiya har yau ban gama yarda ba. Laifi ne mutum ya yi tsabta? Laifi ne ya ji kunyar dattijo? Wannan tambayar na ɗauko daga ƙauye na tsallako teku da ita.

Allah bai hana ni komai ba. Na yi karatun haɗa magunguna, na zo ƙasar nan ina matashi, na fara da wani ɗaki mai sanyi a Hulme, daga baya na buɗe kantin magani, na sayi gida, na aurar da 'ya'ya. Jikokina Turancin Manchester suke yi, idan na yi musu Hausa sai su yi dariya su rungume ni. A coci ni dattijo ne, ba a yanke shawara ba da ni ba, kuma ba a taɓa neman taimako na noƙe ba. Na ga irin fastocin zamani iri-iri, masu hoto a jikin bas, masu kujera kamar ta sarki, masu yaro na musamman da ke riƙe musu Littafi da hankici, waɗanda ake fara zuba wa abinci kafin kowa ya wanke hannu. Ba na kishinsu ko kaɗan, in na gan su Baba nake tunawa da ƙanzonsa. Da Tanko ya zama irinsu da na huta, da na ce to ga shi nan, Baba ya yi kuskure. Sai dai bai zama ba. Ya yi shekaru yana yawo a ƙauyuka, da Baba zai rasu ya bar masa daron, daga baya ikilisiya ta turo shi ƙaro karatu, aka roƙe shi ya zauna ya riƙe wata ƙaramar coci a Birmingham. Duk faɗin duniya, sai ƙasar da nake ya biyo ni, da daronsa a cikin jaka.

Duk lokacin da muka je gidansa sai na dawo da ciwon kai. Gidan ba wani abin kallo, kafet ya siɗe, kujeru kowace da irin tata, amma ƙofar ba ta rufuwa. Ka tarar da ɗalibin da aka kora daga masauki yana barci a falo, ka tarar da tsohuwar Baturiya tana shan shayi tana ba shi labarin kyanwarta, har yaran Kano Musulmi masu karatu a jami'a suna zuwa cin tuwon matarsa, su yi salla a ɗakin karatunsa. In'inarsa tana nan, wa'azinsa ba ya kai rabin wanda zan iya yi, amma idan ya buɗe baki mutane sai su matso. Wata shekara na ga yana rawar sanyi a cikin wata yaloluwar riga, na je na sayo masa kwat mai kauri, mai tsada, irin wadda ni kaina ban saya wa kaina ba. Da sanyi ya zagayo muka je, sai ga kwat ɗina a jikin wani mutum da ban sani ba a tashar bas kusa da cocin. Na tambayi Tanko, ya ce, "Mutumina, ai ina da wata." Mutumin kuwa duk inda ya zauna addu'a yake yi wa Rabaran. Ni na saya, shi aka gode wa. Na yi kwanaki ina cin abinci ba ɗanɗano, matata tana cewa, "Baban Murna, wai kwat ɗin kake so a dawo maka da ita ko godiyar?"

Akwai wani abu kuma da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Ciwon suga ya daɗe a jikina, kuma tun farkon sanyin bana wani ɗan miki ya fito mini a ƙasan babban yatsan ƙafar hagu, ya ƙi warkewa. Ni da na yi shekaru ina gargaɗin mutane a kan irin wannan, na san abin da yake nufi, shi ya sa ma na ƙi nunawa. Nakan kulle banɗaki in wanke in ɗaure, in sa safa mai kauri, har barci da safa nake yi ina cewa sanyi ne. Maƙwabcina, wani likita Bakano da muke shan shayi tare, ya lura da tafiyata. Mutum ne mai tsokana, yakan ce, "Ku da sai shekara-shekara kuke wanke ƙafa a wajen ibada, mu kuwa kullum sau biyar." Ranar ya bar wasa ya ce, "Yallaɓai, wannan ɗingishin ba na tsufa ba ne. Ka ga GP, likitanku na unguwa?" Na ce takalmi ne ya matse ni. Ya kalle ni ya ce, "To, Allah ya sa takalmin ne."

Ana saura kwanaki Ista Tanko ya kira ni. Ya ce, "Mutumina, ran Alhamis ita ce ta ƙarshe a wajena. Ina so ka zo, k-kada ka ce mini kana da wani appointment." Na ce zan duba, amma ina ajiye waya na fara goge takalmi. A raina na gama lissafi: mutumin da gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa ba zai iya durƙuso ba, dole wani ya yi a madadinsa, kuma wa ya rage a duniya wanda ya ga daron nan a hannun Baba in ba ni ba? Da safen Alhamis na shiga banɗaki na zauna a bakin baho da dutsen goge ƙafa, na dirje ƙafar dama tas na shafa mai, ta hagu kuwa na sake mata ɗauri na rufe. A ƙasar nan ƙafa ɗaya ake miƙawa, na san wadda zan miƙa in ta kama. Matata ta ƙwanƙwasa ta ce, "Za mu rasa train fa." Da na fito ta ga dutsen a hannuna, ta girgiza kai ta ce, "Har yanzu?" Ta san labarin, na ba ta shi ya fi a ƙirga.

Cocin ta cika, baƙaƙe da farare, rana ba ta faɗi ba tukuna, haskenta yana shigowa ta tagogi masu launi. An jera kujeru a gaba, wata mata ta kama hannuna ta zaunar da ni a ɗaya daga ciki, ta ce Rabaran ne ya ce. Wato cikin waɗanda za a wanke wa aka sa ni. Ba haka na so ba, amma na ce bari dai mu gani. Sai ga Tanko ya fito da tawul a ƙugu, ya rame, kansa fari fat, wani matashin mataimakinsa haifaffen Birmingham yana biye da shi da buta da daron. Da ganin shuɗin bakin nan sai na ji ƙarar ƙarfen ƙafar mota a kunnena. Tanko ya dafa kafaɗar yaron ya sauka ƙasa a hankali, ana jin ƙarar gwiwarsa daga inda nake. Bai nemi kowa ya karɓe shi ba. Haka ya yi ta jan jiki daga ƙafa zuwa ƙafa har ya iso gabana. Na cire takalmin dama na miƙa masa ƙafa tana sheƙi. Ya riƙe ta, ya juya ta, na ga kafaɗunsa suna motsi, dariya yake yi ƙasa-ƙasa. Ya ajiye ta a hankali, ya ce da Hausa yadda ni kaɗai zan ji, "Ɗayar."

Na ce, "Tanko, ɗaya ake yi."

Ya ce, "Na ga shigowarka. Tun muna kiwo na san tafiyarka. Miƙo ɗayar."

Na ce, "Ba ta da kyan gani. Ga mutane."

Ya ce, "Ni ma tawa ba ta da shi a ranar. Mutumina, ka yi sauri, gwiwar nan ba za ta jira ka ba."

Na duba hagu na duba dama, ga matata a layi na biyu ta zuba mini ido. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, har gumi ya keto mini a cikin kwat. Na sunkuya na kwance igiyar takalmi, na zare safa, na warware ɗaurin. Ƙafar ta kumbura, yatsan ya yi duhu, ga wari da ni kaina na ji. Matar da ke kusa da ni ta ɗan kawar da kai, na ji matata ta ce, "Wayyo Yesu!" Tanko ya ƙara matsowa. Ya tallafi dugadugina a tafin hannunsa, ya ce wa yaron ya zuba a hankali, ya yi ta wanke gefen mikin da bakin tawul, yana bi tsakanin yatsu. Ya daɗe, ya daɗe ƙwarai, har masu waƙa suka kai ƙarshe suka sake ɗaukowa daga farko. Ni kuwa hawaye suka zubo, na rasa yadda zan tsayar da su. Ta cikin hawayen na hango wani dattijo a ƙarshen layi, da farar ƙafarsa a waje yana jira, yana kallonmu da wani irin ido da na sani sarai, domin da shi na kalli Tanko a majami'ar ƙasa. Allah ya gafarta mini, daɗi na ji. Da ya gama ya naɗe ƙafar da sabon tawul, ya ce, "Gobe da safe asibiti, ba GP ba. In ka ƙi, ni zan zo Manchester in kai ka." Sannan ya dubi ruwan, ya ce wa yaron ya je ya zubar ya kawo wani.

Bayan an tashi, a gaban jama'a, ya ɗauki daron ya miƙa wa matashin nan. Yaron ya ja da baya yana girgiza kai, yana cewa da Turanci shi bai isa ba, har ya kusa faɗawa kan kujera, sai da aka riƙo shi. Na ce a raina, shi ke nan, an sake kama wani mai gudu. Ya yi mini zafi, ba zan ce bai yi ba, kuma har yanzu in na tuna daron yana can a hannun wanda bai taɓa ganin bishiyar dogon yaron nan ba sai kishin ya motsa. Washegari na je asibiti, likitoci suka ce da na ƙara jinkiri da ba yatsa kaɗai za a yi magana a kai ba. Maƙwabcina Bakano ya zo dubiya da lemo, ya tsaya a bakin gado ya ce, "Ashe takalmin ya matsa da yawa."

Amma abin da na fi tunawa shi ne hanyarmu ta dawowa a jirgin ƙasa ran Alhamis ɗin. Matata ta yi mini faɗa tun daga Birmingham, ta ce wata nawa ina kwana kusa da ita da wannan abu, ta ce ni da kantin magani, ta yi kuka ta share, ta juya tana kallon taga. Na bari ta huce, sannan na taɓa hannunta na ce, "Maman Murna, kin lura an canza ruwan?"

Ta ce, "Na gani."

Na ce, "Duk layin nan, bayan ni kaɗai aka canza."

Ta juyo ta kalle ni ta ce, "To wannan abin alfahari ne?"

Na gyara zaman ƙafata a kan jaka, na ce mata ita dai ba za ta gane ba.